Tukunyar Wake a Ƙofar Gidan Wana

Allah da ya ba mu aron wana ya karɓi abinsa a ƙarshen kaka, lokacin da gujiya ke shanye a gonaki. Nasa ne, kuma duk can muka dosa. Ba ni da ja a kan wannan. Inda nake ja shi ne abin da masu rai suka yi da shi bayan an rufe shi.

Ni ne ƙanensa da ya rage, don haka ni aka zaunar a zauren gidansa a Kanan-Bakashe ina amsa gaisuwa. Jama'a ta zo, ba zan rage mata ba. An zo daga ƙauyukan kewaye a kan jakuna, an zo daga Mayahi, dangin matarsa sun zo daga Baudeta, har mota ta zo daga Tasawa ɗauke da abokan aikin babban ɗansa, wanda yake kwami, wato akawu, a wani buro, ofis ke nan, can. Kowa ya durƙusa, ya shafa fatiha, ya ajiye kalmarsa.

"Allah shi jiƙan shi, mutum ne mai haƙuri," in ji wani. Wana ba shi da haƙuri. Mutum ne da zai yi cacar baki da jaki a kan hanya, ya dawo gida yana ba da labarin abin da jakin ya ce masa.

"Tsohon soja ne, ya ga duniya," in ji wani. "Ba shi rasa jam'i," in ji na uku, wannan kam gaskiya ne. Liman ya ce mai kyauta ne, hannunsa a buɗe yake. Na ɗaga kai ina jiran ya faɗi abin da hannun yake bayarwa, sai ya koma jan tasbaharsa. Na wuni, na sake wuni, ina sauraron mutanen da na san girman lomar kowannensu a akushin wana. Babu wanda ya ce wake. Babu wanda ya ce tukunya. An yi masa wanka da ruwa kafin a kai shi, sannan aka zauna a zaurensa ana yi masa wani wankan da baki, ana wanke shi daga abin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi.

Mutum guda ce ta ɓata musu shiri, wata tsohuwar Bafillata mai tallan nono. Ba ta shiga wajen mata ba. Ta tsaya a ƙofar gida da ƙwaryarta a ka, tana duban ƙasa, inda aka zuba sabon rairayi aka shimfiɗa wa baƙin Tasawa tabarmi. Ta tambaye ni da Fillanci ina wutar take. Na ce mata an kashe. Ta ce ba wutar take nufi ba, murhun. Na ce an rushe. Tun washegarin rasuwa ɗan wana ya sa aka fasa shi, aka kwashe tokar, don kada abokan aikinsa su zo su tambayi abin da murhu ke yi a ƙofar gidan namiji. Tsohuwar ta tofar da yawu gefe, ta juya ta tafi ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. A duk zaman makokin, ita kaɗai na ji ta yi ta'aziyya.

Ga abin da suka ƙi faɗa. Wana yana dafa abinci. Da hannunsa, a ƙofar gidansa, da rana tsaka, kowa na gani. Kuma kafin ya rasu ya bar mini wasiyya guda: ranar sadakar arba'in ɗinsa a ɗora tukunyarsa a wurin nan, namiji daga jininsa ya dafa waken, a raba. Wannan nauyin nake ɗauke da shi ina zaune ina cewa amin ga masu yabon haƙurinsa.

Tun muna samari Nasara suka ɗauke shi soja. Ni kuma ba da jimawa ba na kama hanyar gabas da ƙafa, na tsinci auduga a Sudan, na yi dako a Jidda, na sauke farali, daga baya na bi goro zuwa Kumasi, na zauna Dakar. Shi jirgin ruwa ya kai shi Maroko da ƙasar Sham. A can ciwon ciki ya kwantar da shi har aka fitar da rai, aka cire shi daga masu bindiga aka tura shi madafar bariki. Wani Balarabe da ke riƙe da tukwanen wurin ya riƙa ɗura masa romon adas har ya tashi. Adas ƙwaya ce ƴar mitsitsiya, falalen abu, ja-ja, dangin wake ce amma ba ta kai rabin ƙaramin wakenmu ba. Faransawa suna ce mata lantiy, suna cika cikin sojojinsu da ita. In ta nuna narkewa take yi, ta zama kamar kunu mai kauri. Da aka sallame shi ya dawo gida da wata ƴar jakar irinta da ludayin ƙarfe. In aka tambaye shi abin da ya samo a yaƙi sai ya ce, "Bindiga tasu ce, na maida musu. Ludayi na taho da abina."

Adas ɗin ta ƙi ƙasarmu. Ya shuka da damina, ta ruɓe. Ya kai ta fadama da sanyi, ta yi fure ta bushe a tsaye. Ya zagi ƙasa, ya zagi iri, ya zagi Balaraben da ya ba shi. Da ya ga saura tafin hannu guda, ya dafa ya cinye shi kaɗai, bai ba kowa ba, har matarsa. Bayan nan ya juya kan wake ya ce, tunda baƙuwar ta ƙi zama, ɗan gida zai koyi aikinta.

Mu wake mun san shi a ɗanwake, a ƙosai, a tubani, ko a dafa shi da kanwa ya yi duhu a zuba mai da yaji. Shi ba haka yake yi ba. Ƙananan farare yake zaɓa, ya barza su a dutse su dare biyu, ya sheƙe ƙaiƙayin, ya wanke har fatar ta fita duka. Ya ce fatar ce ke kumbura ciki, in ka raba wake da rigarsa ba ka bukatar kanwa. Ya soya albasa a man gujiya, ya sa daddawa da citta da barkono, ya zuba barzajjen waken da ruwa, wani lokaci da kabewa, ya bar shi ya narke. Akwai zogale ko yakuwa a ciki, akwai ruwan tsamiya a madadin lemon da Larabawa ke matsawa. Ana ci da ɗumamen tuwo, ana sha haka nan. Tsoho marar haƙori yana iyawa, yaron da aka yaye yana iyawa, mai aikin gona in ya sha da hantsi ba ya neman komai sai yamma. Na sha adas a Umdurman, na sha a Makka wajen Indiyawa da suke zuba mata kurkum har ta yi rawaya. Na wana ba irin nasu ba ne, kuma ba na jin ya gaza su.

Dahuwar ba ita ta fi ƙona wa mutane rai ba. Barzar ce. Namiji mai gemu, mai lambar soja, ya durƙusa gaban dutsen niƙa yana kai da komo kamar amarya. Ya sayi nasa dutsen ya kafa a gindin bedi, darbejiyar da ke ƙofar gida, don ya ce ba zai shiga madafar matarsa ya tsare mata wuri ba, kuma ba zai ɓuya ba tunda ba sata yake yi ba. Samari suka sa masa waƙa. Dattawa suka aiko a gaya masa abin ya yi kama da na ƴan daudu. Ya ce wa ɗan aiken, "Koma ka ce musu in sun gama shawara su aiko da akushi."

Ni da na ga wasu ƙasashe, wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. A Umdurman ƙato ne mai rawani ke zaune bayan tulun wake da sassafe, malamai na layi gabansa. A Jidda maza ke tuƙa tukwanen da ke ciyar da alhazai, har alhazan garinmu, kuma ban ga wanda ya ajiye loma ya tambayi ko mace ce ta dafa ba. A nan gida ma, mahauci ya wuni yana juya tsire a bakin wuta, namiji ne. Mai shayi ya wuni yana fifita gawayi, namiji ne. Amma a ɗora tukunya a sa ludayi, shi ke nan wando ya faɗi. Na iya harsuna da dama, ban sami wanda zan fassara wannan hukunci a cikinsa ya yi ma'ana ba.

Shekarun nan da gujiya ta hau kan kowa, kafin samun mulkin kai da bayansa, su ne shekarun da tukunyarsa ta fi aiki. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san yadda kaka take. Maza na can wajen awo da lodin buhuna. Mata na zaune daga safe zuwa duhu suna ɓarar gujiya har yatsu su tsage, ba mai sararin surfe da daka. Yara na yawo da ƙuli-ƙuli a hannu da tsinkakkiyar fura a ciki. Ana cikin shekarar arziki, gida na kwana da yunwar da ba ta da suna. Shi kuwa da hantsi hayaƙinsa ya tashi, kafin azahar ƙore sun fara fitowa ta kan darni, daga wannan gida da wancan. Ba ya sayarwa. Ba ya tambayar ƙwaryar wa ce.

A nan ne ya yi rigimar da aka fi tunawa, ko da yake a zaman makoki kowa ya manta. Maƙwabcinsa, mai gonar gujiya mafi girma a unguwar, matarsa ta haihu a tsakiyar kaka, nono ya ƙi zuwa sosai. Ta aika da ƙwarya aka zubo mata. Mijin ya dawo ya tarar, ya ɗauko ƙwaryar ya zo har gindin bedi ya kife ta a ƙasa gaban mutane.

"Ni na kasa ciyar da iyalina ne, da wani ƙato zai dafa ma matata?"

Wana ya dubi waken a cikin rairayi. Ya kwashe abin da ya kwasu a wani kasko, ya kira akuyarsa ya ajiye mata. "Ci abinki," ya ce. "Ke ba ki da miji."

Sai da aka shiga tsakaninsu. Washegari ya dafa wani, ya sa zogale fiye da kullum, ya kira uwar maƙwabcin, tsohuwa mai wayo, ya ce ta kai wa surukarta ta ce magani ne daga Sham. "Namiji na iya dafa magani, ko shi ma an hana?" Haka aka yi ta kai maganin Sham har jaririn ya yi kumatu. Wannan maƙwabcin shi ne wanda ya fara cewa wana mai haƙuri ne.

Ba zan mai da shi waliyyi ba. Taurin kansa ya ci gidansa. Lokacin da ƴan'uwa suka so a zuba gandu duka a gujiya, shi ya kafe sai an bar wa wake wuri mai yawa, har aka raba gandun ana fushi. Waɗanda suka bi gujiya sun sayi keke da rediyo, wasu sun yi rufin kwano. Gidansa ya zauna da bunu. Ban zo in ce lokaci ya gaskata shi ba, har yau gujiya na biyan masu ita. Kuma bai iya lallashi ba. Da ɗansa yana yaro ya dawo yana kuka an yi masa waƙar ubansa, abin da ya ce masa kawai shi ne ya wanke hannu ya zo ya ci.

Da ciwo ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, na dawo gida na zauna kusa da shi. Wata rana da hantsi muna gindin bedin, murhun a sanyaye, ya faɗa mini wasiyyar.

"Yaya, ci na sani," na ce masa. "Dahuwa ban sani ba."

"Wanda ya iya Larabci da Nasaranci, wake ba ya gagara tai. Amma ka fara tambayar wancan na Tasawa. In ya yarda, shi nike so. In ya ƙi, kai."

"In ya hana fa?"

"Kai ƙanena ne ko ƙanen shi?"

Bayan sadakar bakwai na hau motar gujiya na tafi Tasawa. Ɗan wana ya karɓe ni da girmamawa, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin gilashi, ya zauna ƙasa ni ina kan kujera. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa cewa ba haka ba. Na isar masa da saƙon ubansa. Ya dubi tabarma ya ce:

"Baba, na riga na sayi shinkafa. Na sayi rago. Manyan buro za su zo."

"Ba a hana ka shinkafa ba. Tukunya guda ce a gefe."

"A ƙofar gida."

"Nan ya ce."

"Non, Baba, a'a." Muryarsa ba ta tashi ba. "Kai kana Sudan, kana Kumasi, kana aiko mamu da labari. Ni na zauna da shi. Da anka kai ni lakwal, makarantar boko ta nan garin, ran da na fara kwana, na buɗe akwatina na iske an sa mini ludayi. Har na fita ba a kira ni da sunana ba, sai ɗan mai tukunya. Da na tahi neman aure, kawun yarinyar ya tambaye ni gaban mutane ko ɗiyarsu za ta samu wuri a madafa, ko mun gada. Na haɗiye. Shekara da shekaru ina haɗiyewa. Yanzu ya tahi, Allah shi gafarta mishi, ina so rana guda a tuna da ubana kamar uban kowa."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na ji zafinsa. Amma na ce masa waɗanda suka sa masa ludayi a akwati su ya kamata ya yi fushi da su, ba mutumin da ya ciyar da unguwa ba. Na ce uban kowa da yake so a tuna ba a taɓa haihuwarsa ba, wanda aka haifa shi ne mai tukunyar. Ya ce in yi haƙuri. Na ce wasiyya ba tawa ba ce balle in yafe ta. Ya raka ni tasha, ya biya mini mota, muka rabu kowa da abinsa a ciki.

Ranar arba'in na fito da sassafe na ɗage tabarma guda daga inda murhun yake. Na share rairayin har baƙar ƙasar ta bayyana, na jera duwatsu. Dutsen niƙan yana bayan rumbu inda aka jefar da shi, na sa aka mirgino mini. Na cire babbar riga, na durƙusa. Gwiwoyina na tsufa ne, hannuna bai san aikin ba, waken ya riƙa tsalle yana watsewa. Mutane sun fara taruwa.

Motar Tasawa ta iso na gama sheƙe ƙaiƙayi ke nan. Ɗan wana ya sauko cikin farar shadda, ya zo ya tsuguna kusa da ni yadda baƙinsa ba za su ji ba.

"Baba, don Allah kada ka yi mini haka gaban mutane."

"Ubanka gaban mutane ya yi nashi."

"In ka kunna wutar nan, zan ɗauke addu'ar in kai ƙofar masallaci. Kuma ba ni sake taka gidan nan."

Na dube shi. Fuskar wana ce sak, har taurin haɓar. Na ƙyasta ashana.

Ya tashi, ya yi magana da Liman, aka naɗe tabarmi. Na ga dattawan garinmu suna bin shinkafa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kau da kai daga hayaƙin kamar bai taɓa sanin ƙanshin albasar nan ba. Maƙwabci ne a gaba. Aka bar ni da tukunya da wasu tsofaffi da ƙafa ba ta kai su masallaci da sauri, da wani Buzu mai raƙumi da ya saba sauka wurin ranar kasuwa.

Ina tsaye ina duban albasa tana ƙonewa sai na ji murya daga bayan darni. Matar wana ce. Tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta ko ɗaga murya tun ranar rasuwar. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, irin na ƙanen miji, amma ban zaci zan ji ta ranar nan ba.

"Alhaji, albasa kake soyawa ko gawayi kake yi?"

"To ki faɗa mini yadda shike yi."

"Ni ya bari na taɓa? Ko leƙe ba shi so. Ji kawai nike yi daga nan. Janye itace guda. Shi wutar shi ba ta yin wanga ruri."

Na janye. Na zuba waken da ruwa. Ta ce daddawa tun farko ake sawa, don ƙanshinta ne ke fara shigo mata ɗaki. Na riga na wuce wurin, na jefa ta a makare. Muka yi gardama a kan tsamiya. Ita ta ce yana jiƙa ta tun da safe, ke nan da wuri yake zubawa. Ni na ce a Sudan sai an sauke ake matsa lemo.

"Nan Sudan ne?"

"Nan ma ba ki gani ba, ji kika yi."

"Shekara nawa ina ji, kai kana can kana cin na Larabawa."

Babu wanda ya sani a cikinmu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai a wunin. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana abu a fili, a bakin hanya, gari duka ya ci, amma ba a sami namiji guda da ya tsaya kusa ya duba yadda ake yi ba, don kada a gan shi tsaye. Na raba tsamiyar biyu, rabi a tsakiya, rabi a ƙarshe.

Can ta ce, "Tafasar ta sake murya. Da tana ɓal-ɓal, yanzu tana huci. In ta yi haka shina fara zagin yara su matsa. Ina jin ya yi."

Na sauke. Daga ƙofar masallaci ana jin amin ɗin jama'a. Mu ma muka ɗaga hannu, ni da tsofaffin da Buzun, muka yi tamu. Ban gama shafawa ba na ga ƙwarya ta leƙo ta kan darnin maƙwabci. Wata ta fito daga gidan da ke kallonmu. Matan ba su je masallaci ba, ƙorensu kawai suka miƙo kamar yadda suka saba. Na zuba har na kankare gindin tukunya. Liman da ya dawo daga wajen shinkafa ya ratso ta wurin, ya tsaya, ya ce sadaka duk sadaka ce, ko akwai saura. Na nuna masa tukunyar. Na ji daɗin da babu.

Ƙwaryar farko da na zuba tun kafin kowa, ta matar wana ce, na miƙa mata ta kan darni. Da la'asar, bayan an watse, na ji motar Tasawa ta tashi. Ba ta biyo ta ƙofar gidan ba, ta zaga ta bayan kasuwa. Ɗan wana bai shigo ya yi wa uwarsa sallama ba. Na matsa jikin darnin na tambaye ta yadda ta ji waken.

"Ba nashi ba ne," ta ce. "Gishiri ya yi yawa, kuma ka bar fata. Amma na cinye."

Na juya zan tafi. Na ɗauka ta koma ɗaki.

"Alhaji, ka cika ma yayanka alkawari. Ni ma na taya ka, ba wanda ya tilasta ni. To wa zai komo mini da ɗana?"

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ban taɓa jin ta kama sunansa ba, balle ta ce ɗana. Ta fita takaba, an yi wata kakar, bai zo ba. Yana aiko da hatsi da tufafi ta hannun direbobi. Na je Tasawa, aka ce mini yana taro.

Da za a mayar da ni safiyar nan, zan sake ƙyasta ashanar. Fushina ba a kan yaron yake ba, ko da yake ya rushe murhun ubansa. Yana kan garin da ya ci daga hannun mutum ya kuma koya wa ɗansa jin kunyar hannun, sannan ya zo ya zauna a zaurensa yana yabon haƙuri. Su suka raba uwa da ɗa, ni na riƙe ashana kawai, amma a ƙofata abin ya kwana.

Allah ka yafe wa wana zafin bakinsa, ka sa abin da ya zuba a ƙoren mutane ya tarar da shi inda yake kwance. Ka sanyaya zuciyar ɗansa ya komo ya ga uwarsa tun tana gane fuska. Tawa zuciyar kuwa ka bar mini ita yadda take tukuna, ban gama da mutanen garin nan ba.